Shekarar da Na Ɓoye Yatsana

Na san abin da ake gaya muku a gidan kawunku Lawali, ko da ba ku taɓa kawo mini shi ba. Ina ganinsa a fuskokinku duk ranar sallah in kun dawo daga gaisuwa, kuna ajiye goron da aka ba ku kuna kauce wa idona. An ce muku uwarku ta tona asirin yayanta a gaban matan gari don a yaba mata gaskiya. Rabin maganar haka take. Ɗaya rabin ba mai riƙe da shi sai ni da Allah, kuma tunda ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, ga takarda ga alƙalami, gara ku karɓe shi daga hannuna.

Sai na fara da kakanku, wanda ba ku riska ba. Baba dillalin dabbobi ne. Daga garinmu Sarkin Hausa yake tasowa zuwa kasuwar Mayahi, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sa sauran dillalai suke ce masa Mai Yatsa, wasu da raha, wasu da haushi. Kafin mai saye ya buɗe baki ya taya, sai Baba ya zagaya da shi bayan dabba ko ƙarƙashinta, ya ɗora yatsansa daidai inda aibi yake: nono ɗaya da ya mutu, tsohuwar karaya, ido mai hawaye. Na sha ganinsa ina yarinya in na bi Inna kai fura kasuwa. Ba ya ɗaga murya, ba ya wa'azi.

"Ga shi nan," yake cewa. "Ka gani da idonka, sannan ka taya."

Na yi kolej a Tasawa har na samu burebe, takardar kammalawa, aka yi mini aure da babanku, na zauna gida. Karatun bai tafi a banza ba, don ni ke karanta wa matan unguwa takardar magani da wasiƙar 'yan ci-rani. Kuna manya salula ta shiga hannun kowa. Madam Zalika, ungozomar da ta karɓi haihuwar 'yar'uwarku Nafisa, ita ta buɗe mana gurup na mata inda ake gwanjon kayan okaziyo, wato na hannu: gado, katifa, keken ɗinki, tukwane, atamfar da aka ɗaura sau biyu. A sa hoto ranar Lahadi, mata su yi ta tayi suna ƙari, ranar Alhamis bayan la'asar a sallama wa wadda ta fi. Kafin a yi wata uku rigima ta cika gurup ɗin. Hoto ba ya ƙarya, amma gefen da aka juya masa kaɗai yake nunawa. Mace za ta biya ɗan kabu-kabu mai babur tun daga Korgom ya ɗauko mata kabet, sai ya iso ta tarar gara ta cinye bayansa.

Da maƙwabta suka fara kawo mini kayansu in rubuta musu bayani, ban yi wani tunani ba, abin da na ga Baba yana yi na yi. In rubuta shekarun kaya da yadda aka more shi, in faɗi abin da yake yi da abin da ya daina yi. Keken ɗinki yana tsallake zare in yadi ya yi kauri. Katifa ta lotsa ta gefen mai gida. Tukunya an yi mata faci a gindi, ba ta yoyo amma ba ta son wuta mai ƙarfi. Hoto na ƙarshe kuwa kullum yatsana ne, da lallensa, a kan wurin aibin. Masu kaya suna ƙorafi, wata har ta ce mini ita ba ta kawo kujerarta asibiti ba, sayarwa ta zo yi. Amma kayan da na sa ba sa dawowa. Matan ƙauye da ba su yi karatun boko a lakwal ba ba ruwansu da rubutuna. Su wuce kai tsaye zuwa hoton ƙarshe. In sun ga yatsa, su duba abin da ya nuna su yi tayinsu daidai da shi. In ba yatsa, sun san kaya lafiyayye ne, su aiko a ɗauka ba tare da sun gani ba. Ban taɓa cewa haka za a riƙa fahimta ba, su suka mai da shi doka, ni kuma na ji daɗin dokar. Wannan ma ku rubuta shi a cikin laifina.

Shekarar da nake ba ku labari azumi ya faɗo cikin tsananin zafi, kowa na maganar ƙanƙara tun watan bai kama ba. Kawunku yana da babban firigo mai aiki da hasken rana, da shi yake sayar da ruwan sanyi a tasha shekara da shekaru. Wata Asabar da hantsi ya yi sallama ya shigo har tsakar gida, shi da bai saba wuce zaure ba.

"Rakiya, firigon nan nika so ki sa mini cikin gurup ɗinku. Moto za ni saye, babur, in kama kabu-kabu. Tasha ta cika da masu ƙanƙara."

"To Yaya, sai in zo in gani."

"Ki ga mi? Ba ki san shi ba? Ruwansa nawa kika sha kyauta?"

"Haka nika yi wa kowa."

"Ni kowa ne?" ya ce, yana dariya. Ni ma na yi dariya, na yafa mayafi na bi shi.

Firigon yana zaure, an wanke shi fes. Na buɗe, sanyi ya bugi fuskata, ƙanƙara ta kama bango. Sai na ce a janyo mini shi in ga baya, don hannuna ya saba. A can ƙasa, kan siririn bututu, na ga tabon walda baƙi wuri biyu, da maiƙo yana naso a kewaye. Na ɗago na dubi Yaya. Bai yi gardama ba. Ya ce mai gyara ya liƙe sau biyu, daga baya ya gano yoyon yana can cikin jiki inda hannu ba ya kai. In an ɗura gas, firigo ya yi sanyi kwana goma, ya koma akwati. Jiya aka ɗura.

"To haka za ni rubuta," na ce.

"Ki rubuta haka wa za shi taya? Ke Madam mai burebe, ban ce ki yi ƙarya ba. Sa hannu ki ji. Shina sanyi ko ba shi yi?"

"Shina yi."

"To ki ce shina sanyi. Yatsan nan naki kaɗai za ki aje gida wannan karon. Wanda ya saya in ya lalace ya kai gyara, kamar yadda na kai. Kayan okaziyo ne, ba na kanti ba."

Inna tana zaune kan tabarma a bakin ƙofar ɗakinta, tazbaha a hannu. A gidansa take tun rasuwar Baba, kuma hawan jini ya riga ya fara kayar da ita. Duk wata sai an nemi amalanke an kai ta likita tana jijjiga a kan katako. Na dube ta ko za ta ce wani abu. Ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Wancan ya ce in ya samu moton shi za ya riƙa kai ni."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Na ɗauki hoto huɗu: gaba, ciki da ƙanƙararsa, faranti biyu na hasken rana, da batir. Ranar Lahadi na rubuta bayani. Ku nema, watakila yana nan a tsohuwar salular Nafisa. Ba kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Na faɗi shekarunsa, na faɗi girmansa, na ce yana sanyi har yana ƙanƙara, har na ambaci 'yar ƙujewar fenti a murfi, don a ga kamar na bincika. Babanku yana cin tuwon rana ya karɓi salular ya duba.

"Ba yatsa?"

"Babu."

Ya daɗe yana kallona. "Allah shi sa haka ne," ya ce, ya wanke hannu ya koma duba takardun ɗalibansa na lakwal.

Tayi ya yi ta hawa kamar ba a taɓa ganin firigo ba. Cikin masu tayin akwai Dija, wata Bafillatana daga rugar da ke bayan Issawan. Ban taɓa ganinta ido da ido ba a lokacin, amma na san muryarta, don ba ta rubutu, sai saƙon murya, da Hausarta mai ɗan lanƙwasa da kukan maraƙi a bayanta. Ta taɓa sayen tukwane ta hannuna. Burinta ta riƙa ajiye kindirmo ya kwana biyu bai yi tsami ba, ta sayar da shi da sanyi cikin azumi. Ranar Litinin ta aiko mini saƙo ni kaɗai.

"Rakiya, lahiya lau? Na ga hoto huɗu, ban ga yatsa ba. Ko salulata ce ba ta buɗe na biyar ba? Nan wurinmu sai an hau tudu."

'Ya'yana, a nan ƙaryar take. Ba a gurup ba, ba a gaban kowa ba. Na danna na ce mata:

"Hotunan ke nan, Dija. Huɗu ne."

Ta ce madalla, Allah shi biya ni.

Ranar Laraba ina tankaɗe garin tuwo saƙonta ya sake shigowa, wannan karon a gurup, muryarta cike da murna. Ta ce mata su yi haƙuri su bar mata, don ita ta riga ta kai Wule kasuwa. Wule karsana ce, jikar saniyar da ubanta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Ta ce ba ta so rabuwa da ita ba, yara har sun ƙi cin abinci, amma tunda Rakiya ba ta ga aibi ba, ita ma ba ta da tsoro. Na saurara sau biyu. Aka kira azahar, na yi alwala na tada salla. Da na zauna tahiya na ɗaga yatsa zan yi shahada, sai idona ya sauka a kansa, ja da lalle, shi ɗin dai. Na rasa inda nake a karatun. Na sallame ban san raka'a nawa na yi ba.

Na kira Yaya a tasha na roƙe shi ya bari in janye firigon.

"Gobe kaɗai ta rage, Rakiya. Ki riƙe bakinki kwana guda. Bafillatana tana da shanu, ba za ta mutu ba."

Ya kashe. Na ɗauki mayafi na tafi gidansa cikin rana tsaka. Matarsa Sa'a tana wanki, ta ga na nufi zaure ta ɗauka wani hoton zan ƙara, har ta kama mini muka janyo firigon. Na tsuguna, na ɗora yatsa a kan waldar, na ɗauka.

Yanzu ga inda maganar gidan kawunku take da gaskiya. Ina da hanya ta rufa masa asiri. Da na kira Dija da sauran masu tayi ɗaya bayan ɗaya, na ce mai kaya ya fasa, ko na gaya musu aibin a ɓoye, da an wuce wurin. Na yi wannan tunanin a hanya, ba zan ce muku ban yi ba. Amma na sa hoton a gurup, gaban mata fiye da yadda zan iya lissafawa, na rubuta a ƙasa cewa wannan hoton tun Lahadi ya kamata ya zo, na san da aibin na ɓoye, firigon kwana goma yake sanyi in an ɗura masa gas. Na gaya wa kaina cewa tunda a fili na yi shiru, a fili ya kamata in yi magana. Shekaru na yi ina riƙe da wannan hujjar. Yau da nake zaune ba abin da ya rage mini sai jiran kira, na san akwai wani abu a ƙarƙashinta: ina so a ga yatsana ya dawo. Ban ambaci sunan Yaya ba, amma wa ke Tasawa bai san firigon Lawali na tasha ba?

Kafin la'asar masu tayi sun watse. Wata mai bakin tsiya ta aiko da murya tana dariya, ta ce ashe ƙanƙarar Lawali ma tana da idda, kwana goma. Mazansu suka ji, magana ta isa tasha. Daga ranar sunansa ya koma Kwana Goma. Har yau in ya wuce akwai masu faɗa ƙasa-ƙasa, mutum mai furfura da jikoki. Da yammacin Larabar ya zo, bai shigo ba, ya tsaya a zaure ya aika a kira ni. Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba.

"Kin wanke yatsanki?"

"Yaya, ka yi haƙuri, matar nan ta sai da..."

"Na ce kin wanke? Da mutuncina kika wanke shi. Da kin ce mini ba ki yi tun Asabar, da na kai shi Maradi na sai da ma wanda ya san gyara. Ke kika karɓa, ke kika rubuta, ke kika fito mai gaskiya. Ni kaɗai ne ɓarawo."

Bai yi ƙarya ba.

"Ki gaida mai gidanki," ya ce. "Ni ba ni da ƙanwa garin nan."

Washegari na kira Dija. Ta daɗe ba ta ɗauka ba, da ta ɗauka kuma ba ta yi faɗa ba, wanda da shi ya fi mini sauƙi. Na ce ko za a iya bin wanda ya sayi karsanar a maido ta.

"Wule tana cikin mota tun jiya, an yi kudu da ita. Na tambaye ki ran Litinin, Rakiya. Na hau tudu don in tambaye ki."

"Ki yafe mini don Allah."



"Allah shi ne mai yafiya," ta ce. "Ni mai nono ce."

An gaya mini daga baya ta sayi wata karsanar. Amma Bafillatana ba nama take kiwo ba, zuri'a take kiwo, kuma zuri'ar saniyar ubanta ta ƙare a hannunta saboda kalma biyu da na faɗa mata.

Inna kuwa sai na riƙa zuwa wurinta da hantsi, lokacin da na san Yaya yana tasha. Sati biyu ba ta tayar da maganar ba. Ran nan ina shafa mata man zafi a ƙafa, cikin azumi, ta ce:

"Kina cewa halin ubanki kika ɗauko."

"Haka nika zato, Inna."

"Rabi kika ɗauko. Ubanki ya yi dillanci har ya tsufa, bai taɓa karɓar dabbar dangi ba. Ko ƙanensa ya kawo, sai shi ce a kai ma wane. Ya ce yatsa ba shi iya nuna jininsa, in ya nuna ya ɓata zumunci, in ya ƙi ya ɓata lahira. Ke kika ce kin iya."

Na sunkuyar da kai ina shafa. A raina ina cewa, Inna, kina kan tabarmar nan ranar Asabar, kina da wannan maganar a bakinki, kika zaɓi ta moto. Ban faɗa ba. Uwa ce, kuma jijjigar amalanke a jikinta take, ba a nawa ba. Amma na rubuta muku shi yau don ban iya haɗiye shi har yanzu.

Moto bai samu ba a shekarar. Da damina ta sauka, wata safiya Inna ta faɗi a bakin randa, aka nemo amalanke, hanya duk caɓi. Ta kwana biyu a likita ta cika. Likitan ya ce jijiyar kai ce ta fashe, ko a ƙofar asibiti ta faɗi sai abin da Allah ya yi. Na yarda, ajali ba ya jiran abin hawa. Amma ranar uku, ɗaki cike da masu gaisuwa, Sa'a ta ce wa matar da ke kusa da ita, da muryar da ta tabbatar zan ji:

"Da akwai moto gidan nan, da an kai ta da wuri."

Na fita zaure na durƙusa gaban Yaya na yi masa ta'aziyyar uwarmu. Yana jingine da firigon. Ya dubi bango ya ce Allah shi jiƙan musulmi, kamar yadda ake amsa wa baƙon da ba a san daga ina yake ba.

Gurup ɗin ban daɗe a ciki ba. Madam Zalika ta ce in ci gaba, ai yanzu aka fi yarda da ni. Na gwada. Na sa wani gadon ƙarfe lafiyayye, ba inda zan ɗora yatsa ko na so. Sai wata daga Korgom ta tambaya, ba da mugunta ba, tambaya ce ta mai tsoron asara:

"Hotunan ke nan, Rakiya, ko akwai na ran Laraba?"

Ranar na fita. Abin da ya sa matan ƙauye ke aiko da kabu-kabu ido rufe ba yatsan ba ne, rashinsa ne suka yarda da shi, kuma shi na sayar.

Firigon yana nan a zauren kawunku, gero ake zubawa ciki don ɓera. Kun sha zama a kansa kuna jiran ya fito ku gaishe shi. Ku ci gaba da zuwa. Kada wanda ya ce masa Kwana Goma ya ci abinci a gidanku. Bai yi daidai ba, amma shi talauci ya tura, ni ba abin da ya tura ni sai kunyar cewa a'a da son a ce na iya. In ɗan'uwanku ya kawo muku kaya ku sayar masa, ku nuna masa gidan wani. In kun bi ta Issawan kuka ga tsohuwa da ƙwaryar nono, ku saya kada ku taya.

Ranar da tawa ta zo, kada ku sa a gurup kafin kawunku ya ji. Babbanku ya taka da ƙafarsa ya gaya masa. In ya zo, ku matsa masa a sahun gaba. In bai zo ba, kada ku riƙe shi.

Kuma in 'ya'yanku suka tambaye ku wace irin mace ce kakarsu, na san ku, za ku nuna musu gaba da ciki, ku ce mai gaskiya ce, mai salla. Kada ku tsaya a hoto huɗu. Ku buɗe musu wannan shafin, ku ɗora yatsa a kan ranar Litinin.